Rabin Ƙwaya

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Anti da yara. Yaya aiki? Na san amsarka, ba sai ka wahalar da biro ba.

Yaya, raina a ɓace yake. Ranar Talata ina share ɗakin Inna, na buɗe gwangwanin da take ajiye maganin zuciyarta, sai na tarar an raba ƙwayoyin gida biyu-biyu, ga reza a gefe. Likita cewa ya yi ɗaya da safe, ɗaya da yamma. Ashe wata uku ke nan rabi take sha, wai don ya kai ta ƙarshen wata. Shi ya sa ƙafafunta suka kumbura har takalminta ya daina shiga, ni kuma ina ta ɗora wa gishiri laifi.

Ka san abin da keken ɗinkina yake kawowa, maganin kuma ya yi tashin da ya fi ƙarfina. Mai kemis ɗin bakin layinmu ne ya ce akwai ofishin tallafi a asibiti, in aka tabbatar mutum ba shi da hali sai a ba shi kati ya riƙa karɓar magani kyauta. Na rufe shago kwana biyu, muna zaman benci ƙarƙashin fankar da ba ta juyawa, kafin a kira lambarmu.

Jami'ar ta ce mara lafiya ce za ta amsa da bakinta, ni in ja nawa in yi shiru. Ta tambayi Inna yaya jiki, Inna ta ce da sauƙi. Matar da ta huta sau uku kafin ta gama hawa matakala! Ta tambayi zaman gida, ta ce Alhamdulillahi, akwai rufin asiri. Da aka zo kan ko akwai mai ɗaukar nauyinta, sai ta gyara zama, ta ce tana da ɗa namiji mai aikin kamfani, bai taɓa bari ta nemi komai ta rasa ba. Ina ji ina gani matar nan ta rubuta cewa tana da mai tallafa mata, ta rufe fayil.

Wata bakwai rabon da ka aiko da ko sisi, Yaya. Amma kai aka yaba, kuma yabon nan naka shi ya hana ta magani.

Na koma na yi ta magiya. Jami'ar ta ce hanya ɗaya ce: ɗan da aka ambata ya rubuto da hannunsa cewa ba ya ɗaukar nauyinta, kafin kwamiti ya zauna ranar ashirin ga wata. Ba kuɗinka nake roƙo ba, layi biyu na gaskiya nake so.

Taka ƙanwar,
Auta

*

Yaya,

Salamu alaikum. Ina gaishe ka don ba a raine ni da rashin gaisuwa ba. A gaida Anti da yara.

Saƙonka ya iso: ɗan kuɗi, da bayanin cewa rubuta irin wannan takarda zubar da mutunci ne. To madalla! Abin da ka aiko maganin kwana tara ya saya. Rana ta goma fa, mutuncinka zan jiƙa wa Inna ta sha?

Shekaranjiya ta yanke jiki ta faɗi a bakin famfo. Maƙwabciyarmu ce ta taya ni ɗaukarta, muka yini a asibiti ana ƙara mata iska. Da likita ya tambaya ko tana shan magani yadda aka ce, sai ta kalli ƙasa ta ce tana sha. Ni na zaro rabin ƙwayar daga jakata na ajiye masa a kan tebur. Hararar da ta yi mini har yanzu ina jinta a jikina.

Na gaji, Yaya. Idona ya fara yaji saboda ɗinki, ga masu kaya suna yi mini sintiri. Saura kwana shida. Wallahi in takardar nan ba ta zo ba, zan rubuta wa manajanku in tambaye shi nawa ake biyanka, da har uwarka take yanka magani da reza. Ka san ni, zan aikata.

Ƙanwarka,
Auta

*

Yayana,

Amincin Allah ya tabbata a gare ka. Ina fata kun tashi lafiya. Yau ba zan tambaye ka aiki ba.

Takardarka ta zo, na karanta a tsaye, na sake karantawa a zaune. Wata takwas da sallamarka daga kamfani! Kullum ka goge riga ka fita da sassafe don kada maƙwabta su gane, kuɗin da ka aiko kuma na agogonka ne. Na yi kuka, kada ka ce ban yi ba. Amma kada ka zaci na huce. Sau nawa na tambaye ka aiki kana ce mini an gode Allah?

Abin da ya fi ƙona mini rai, da na karanta wa Inna ko gezau ba ta yi ba. Ta ce ta daɗe da sani. Wai da kana kiranta ne lokacin hutun rana, da ka koma kira da hantsi sai ta gane babu inda kake zuwa. Shi ya sa ta fara raba maganin, don kada in tambaye ka kuɗi ka ji kunya. Kai kana rufa mata, ita tana rufa maka, saura ƙiris mu rufe ta da ƙasa.

Har takardar ta karɓe ta tura ƙarƙashin matashi, ta ce ba za a ajiye asirin ɗanta a fayil kowa ya karanta ba. Na jira ta shiga wanka, na ɗauke na kai ofishin tallafi. Ka yafe mini in kana so. Kwana biyu ba ta yi mini magana ba.

Jiya aka ba mu katin, maganin wata uku a tashin farko. Yau da safe na tsaya a kanta har ta haɗiye ƙwaya guda cur, rezar kuma na jefa a shara. Sai ga shi ta buɗe baki, ta ce in na rubuto maka in ce jiki da sauƙi.

Na ce mata ba zan rubuta ba sai ranar da takalminta ya shiga.

Taka har kullum,
Auta