Jikata Tana Son Zuwa Hutu Gidan Da Na Sayar

Assalamu alaikum. Ina roƙon ki taimake ni da shawara, ko da yake roƙo ba ɗabi'ata ba ce. Na tsufa ina koyarwa, na yi shugabar makaranta, ni ake kawo wa matsala in warware. Yau ga ni a layin masu tambaya.

Bayan rasuwar maigidana, Allah ya jiƙansa, na zauna a gidanmu ba abin da nake ji sai ƙarar agogon bango. Da yardar 'ya'yana aka sayar da gidan, kowa ya karɓi rabonsa, ni kuma na sayi ƙaramar kwamfuta da akwati mai taya, na kama hanya. Labarin ƙasa na koyar. Na yi shekara da shekaru ina nuna wa yara teku da tsinin sanda a jikin taswira, alhali ban taɓa ganinsa ba. Yanzu na gan shi, har na tsoma ƙafa.

Ba na sauka otal. Ɗaki nake kamawa na wata ɗaya ko biyu a unguwar ma'aikata, lokacin da baƙi suka watse haya ta sauko. Kafin in biya nakan tsaya bakin taga da wayata in gwada ƙarfin intanet, masu gida su zaci maƙwabta nake leƙe. Ina girki a ƙaramin risho, ina shiga motar da kowa ke shiga. Abincina yana fitowa ne daga koyar da yara ta bidiyo da gyara rubutun ɗaliban jami'a. Ban taɓa miƙa wa ɗa hannu ba, kuma ba zan fara ba.

Abu ɗaya na ɗauko daga gidan: labulen falonmu, shuɗi mai zanen ganye. Ni na ɗinka shi shekarar da na haifi ɗan farina. Gefensa ya koɗe saboda ranar la'asar, kuma har yau akwai tabon tawada inda autana ya goge alƙalami ya rantse ba shi ba ne. Duk ɗakin da na sauka, nakan ɗaura igiya in rataye shi bayan kujerata, domin malama ba ta koyarwa gado na leƙowa a bayanta.

Cikin ɗalibaina akwai jikata, takwarata, 'yar shekara bakwai, wadda ke ce mini Tsohuwa mai gilashi. Kowace Asabar muna karatu. Makon jiya ta sanar da ni cewa ta haɗa jakarta, za ta zo dogon hutu "gidan labule", ta ga abin da ke bayansa. Babanta ya ba ta labarin bishiyar gwaibar da ke tsakar gidanmu, ita kuwa ta ɗauka tana nan bayan labulen. Abin da ke bayansa a ranar nan kuwa bango ne mai tabon yoyo da mitar lantarki. Ni da ban taɓa rasa amsar sufeton makarantu ba, sai na ce mata layi ba kyau, na rufe kwamfutar.

Ɗana, mahaifinta, ya ce 'yarsa ba za ta kwana ɗakin haya cikin baƙin fuskoki ba. Ya gina mini ɗaki a gidansa, da banɗaki da ƙofata daban. Ya ce in dawo in rataye labulena a taga ta gaskiya. Ya tuna mini ciwon gwiwata da zazzaɓin da na yi bara ni kaɗai. Amma na san abin da zan zama a ɗakin nan: tsohuwar da ake kai wa abinci a rufe, ana tambayarta ko ta sha magani.

Sai dai tun ranar nake tuna ɗakin kakata: ƙamshin turaren da ya kama kayanta, gadon ƙarfen da muke ɓuya ƙarƙashinsa, da yadda take yin kamar ba ta gan mu ba. Kowane yaro yana da gidan kaka. Shin na sayar da na takwarata ne tun kafin ta yi wayo? In ajiye akwatin, ko in bar yarinya da jakarta a haɗe?

Malama mai akwati ɗaya

*

Wa alaikumus salam, Mama.

Ki fara da abin da ya fi gaggawa. Asabar mai zuwa, kafin a buɗe littafi, ki ɗaga labulen ki nuna mata bangon, da mitar, da rishon, da abin da ake hangowa ta taga. Ki gaya mata an sayar da gidan, gwaibar tana hannun wasu yara. Za ta iya yin kuka. Amma gara ta ji daga bakinki da ta tsinta a bakin wani, kuma ke kin fi ni sanin cewa yara suna jure gaskiya fiye da yadda muke zato.

Game da ɗanki kuwa, Mama, yana da gaskiyarsa. Zazzaɓin da kika ambata a layi ɗaya, shi a waya ya ji shi, ba shi da yadda zai yi. Wanda ya yi miki ƙofa daban ya san halin mahaifiyarsa sarai. Ke ma kina da taki gaskiyar: kina da sana'a da lafiyar yin ta, ba kuma wanda ya isa ya yi miki ritaya ta biyu.

Ke da kika sauka a ɗakunan baƙi iri-iri, me zai hana ki sauka a wannan da ɗanki ya gina miki? Ki kama shi na tsawon hutun, kamar yadda kika saba. Ki tsaya bakin taga ki gwada intanet, ki kunna rishonki, ki ci gaba da darussanki. Ki sanar da ɗanki ranar tashinki tun ranar isowarki, domin kada a yi rigima daga baya. Bayan haka, duk garin da kika sauka nan gaba, ki ba shi lambar mai gidan da sunan asibiti mafi kusa. Likita ma ya duba gwiwar nan kafin ki sake hawa mota.

Ki sake karanta abin da kika rubuta game da kakarki: ba ki ambaci ginin ba, ita kika tuna. Takwararki ta riga ta san gidan kakarta, shuɗi ne mai zanen ganye. Ranar da kika isa, ki bar ta ta jawo jakarta ta ƙetare tsakar gida, ki miƙa mata bakin igiyar ta riƙe, ki nuna mata tabon tawadar ƙanin babanta.

Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya sa hanya ta ci gaba da yi miki kyau, zuwa da dawowa.