A Tone Turken Nan Kafin Mu Iso

Zuwa ga ɗana Yahya, a Zakirai.

Assalamu alaikum. Ya gida, ya Barira da yara? An yanke geron kuwa, ko shi ma ni yake jira?

Wata ma'aikaciyar jinya ce ke rubuta mini, don haka ba zan faɗi duk abin da ke bakina ba. Lafiyata lau a Kadunan nan, illa dai simintin barandar asibiti ya gama da ƙuguna. Ba ƙorafi nake ba, wa ma zai ji? Tun da na kawo ɗanka Zubair asibitin ƙwaƙwalwa, ko leƙe ba ka yi ba.

Likita ta ce ranar Alhamis za a sallame shi. Yana ci, yana barci, alhamdu lillahi. Amma da aka ce masa zai koma gida, sai ya riƙe mini riga ya ce, "Kaka, turken yana nan?"

Na ce masa babu. To, kada ka mai da ni maƙaryaci. Turken da ka ɗaure shi a bayan rumbu, ka tone shi, ka cike ramin. In na tarar da shi, juyawa za mu yi.

Allah ya yi muku albarka.

Mahaifinka,
Malam Dallatu