Tsakuwar Ƙofar Inna

Yaya,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Mu dai muna nan a tsare.

Tsakuwar da ka sa aka zuba daga get zuwa ƙofar falo, ka ɗauki hotonta ka tafi, ita ta tsare Inna. Tun da ƙafafunta suka daina ɗaukarta, keken guragunta ba ya tafiya a kai, tayoyin gaba nutsewa suke yi. Jiya za mu asibiti, na ja shi da baya kamar mai jan akuya, ya karkace, saura ƙiris ta kife. Ni ke cire ciyawa, ni ke kwaso tsakuwar da ruwa ya tura cikin kwata. Ka yarda a kwashe a yi daɓen siminti.

Ka huta lafiya, tunda kai kana samun hutun.

Ƙanwarka

Malama,

Ina gaisuwa. Na ga takardarki, na kuma ga tulin littattafan nan da kika karanta ba su rage miki faɗa ba. Tsakuwa tana shanye ruwan sama, ba ta tsagewa, ba ta santsi. Siminti in ya yi gansakuka ke ma sai kin sha ƙasa. A shimfiɗa katako biyu mana. Ki gaishe ta, aiki ne ya riƙe ni.

Yayanki

Yaya,

Gaisuwa. Katako biyu! Allah ya ƙara basira.

Ban jira ka ba, na kira magini. Shebur ɗinsa na farko Inna ta ji daga ɗaki, ta ɗaga muryar da na ɗauka ta rasa: "Wa ya aiko ku? Ku mayar!"

Na ce, "Inna, don ki riƙa fita ne."

Ta ce, "In je ina? Daga gadon nan ba na ganin get, amma ina jin kowa. Mai kawo ruwa jan ƙafa yake. Ke kuma kamar za ki yaƙi. In kuka shafe da siminti, yayanki zai iso ban gyara ɗankwali ba."

Magini ya juye baronsa, ya baje, ya fita yana kallon ƙasa. Ni da nake juya Inna, nake wanke ta, takun yaƙi na samu. Kai kuma kunne aka ajiye maka.

Ƙanwarka

Malama,

Wallahi jikina ya yi sanyi. Ranar Asabar zan turo direba da motata, ya kawo keke mai faɗin taya. Allah ya ba ki lada.

Yayanki

Yaya,

Amin. Ka ce masa ya tsaya a titi, ya shigo da keken a ƙafa. Ta san ƙarar tayar motarka. Ba ni zan shiga in ce mata direba ne ba.

Ƙanwarka