Katangar ta tsage, Inna kuma ta ƙi bin mu Bodinga

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara.

Ni 'yar Bodinga ce, aure ya kai ni wani ƙauye a ƙasar Shagari, ina da goyo. Maigidana yana kudu wurin sayar da albasa, gida daga ni sai mahaifiyarsa Inna, ƙafafunta sun daina ɗaukarta, ko bayi ni ke kai ta. Ashe gidanmu kan tsohon kududdufi yake, ramin da anka ɗebi ƙasar ginin unguwa, da shara ta cike shi sai anka yi gini a kai. Ban sani ba sai da ruwa ya biyo tsohuwar hanyarsa.

Bayan la'asar hadari ya taso da wata irin guguwa, ina kallo ta yaye kwanon ɗakina, sannan ruwan unguwa kaf ya shigo ta zaure har cinyata. Na ɗaure yaro a ƙirji, na ja Inna na ɗora ta kan buhunan gero, ina ihu babu mai ji, kowa ta kansa yake. Yanzu ruwa ya janye, amma katangar ɗakinta ta tsage har hannuna na shiga.

Babana ya aiko a kwaso mu duka zuwa Bodinga. Inna ta ce ita uwar miji ta tare gidan surukai, ta ci tuwonsu, da wane ido za ta dubi mutane? Wai garinga ba bakin gulbi yake ba, ruwa ya yi kuskure ne. Na ce to mu bi maƙwabta makarantar firamare inda sunka fake, ta ce ba ta kwana cikin maza. Na yi kuka na roƙe ta, sai cewa ta yi, ɗiyata ɗauki jikana ki tahi, na yafe miki. Maigida a waya ya ce in ina tsoro in tafi, yana nan zuwa, bai ce yaushe ba.

In na tafi wa zai ɗaga ta in ruwa ya dawo? In na zauna, yaron nan mi ya yi? Ga gabas ta sake yin baƙi. Don Allah masu iyaye tsofaffi, yaya ake lallashin tsohuwa ta ajiye kunya? In ta ƙi, in tafi ko in zauna?