Tabon Allura a Hannun Mama

Zuwa ga Yaya Hlengani,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Allah ya ci gaba da fito da ku daga ramin ma'adinan nan lafiya. Yara suna makaranta, ƙafar Mama ma ta yi sauƙi.

Yaya, hankalina a tashe yake. Ka san gidajen gwamnati da aka raba, inda Mama ta samu nata bayan shekara da shekaru a ɗakin kwano. To, waɗanda ba su samu ba sun taso, wai baƙi sun cinye musu rabo. Ban ga laifin fushinsu ba, don tsohuwar maƙwabciyarmu Dikeledi har yau ruwan sama a kan gadon 'ya'yanta yake zuba. Amma samarinsu sun wuce gona da iri. Sun ce katin shaida saye ake yi, don haka gida-gida suke bi suna sa mutane naɗe hannun riga. In tabon allurar rigakafi yana damtse, ɗan ƙasa ne. In yana ƙasa da gwiwar hannu, ɗan Mozambik ne, sai a watso masa kaya titi. Kuma ɗanka Rhulani ne a gaba, har da wani ɗaure fuska.

Ranar Litinin suka iso mana. Rhulani ya ce su wuce, gidan kakarsa ne. Sauran suka yi masa ca, wai ko kakar tasa ba ta da hannu ne? Mama tana tuƙin tuwon masara, ta ajiye muciya, ta naɗe hannun rigarta da kanta, sai ga tabon a ƙasa da gwiwar hannu. Ta ce wa Rhulani ya matso ya duba da kyau, tana ƙarama aka ƙetaro da ita daga Mozambik, kuma da wannan hannun ta yi masa wanka yana jariri. Yaya, yaron bai taɓa sani ba. Tun ranar ko loma bai iya haɗiyewa.

Sun ce Asabar za su dawo, kuma wai Rhulani ne da kansa zai fara fitar da gadonta waje. Ina tsoro ƙwarai. Don Allah ka nemi izini ka taho kafin nan, kai kaɗai yake jin maganarka.

Ka gaida matarka Nkhensani da Kawu Mafemani. Mama ta ce in gaya maka ba za ta sake sa riga mai dogon hannu ba.

Ƙanwarka,
Tsakani