Rigar Aikin Meshak Ta Dawo Gida

Kafanchan,
6 ga Nuwamba, 1995.

Zuwa ga ɗana Meshak,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da addu'ar wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, tsaye a kan ƙafafunka. Mu nan muna lafiya gwargwado. Mamanka Paulina ƙafarta ta yi sauƙi, bakin kuwa dama bai taɓa ciwo ba. Ƙanwarka Magdalene ta gama koyon ɗinki, ta fara gwaji da wandona, yanzu ƙafa ɗaya tana zuwa coci kafin ɗayar. Citta ta yi kyau a gonar Kagoma, doya ce ta ba mu kunya. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san babanka aji uku ya yi, na ukun ma ta taga.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, a watan jiya an kira ni gidan waya, wai ƙunshi ya zo daga Meziko. Na ɗora shi a ka na ratsa kasuwa, duk wanda ya tambaya in ce talabijin ce ɗana ya naɗo mini, tunda ita kuke haɗawa a can bakin iyakar Amurka. A gaban maƙwabta na buɗe. Rigar aiki ce shuɗiya guda ɗaya, ba takarda a ciki, kuma hannun da ya rubuta adireshin ba naka ba ne. Kafin in ce uffan mamanka ta zube ƙasa. Ko ka manta, a garin relwe irin namu, in ma'aikaci ya mutu can nesa a kan layi ba gawa ake kawowa ba, rigar aikinsa ake miƙa wa iyalinsa. Kafin la'asar matan zumuntar coci sun cika tsakar gida da waƙoƙin ta'aziyya. Na yi ta zagayawa ina cewa kyauta ce, yaro ya ji babansa yana noma da rigar coci. Suka dube ni da tausayi, suka ba ni kunu.

Meshak, rigar nan ban gane mata ba. Magdalene ta wanke ta da sabulu, wani wari kamar na ƙonannen ƙarfe ya ƙi fita, kuma inda ta zubar da ruwan, yakuwar mamanka ta bushe tun daga saiwa. Ƙuda ba ya sauka a kanta. Akuyarmu da ka sani, wadda ta cinye mini hula a gaban fasto, ta shinshina ta sau ɗaya ta koma bayan rumbu. In an shanya ta, hannuwan ba sa saukowa, suna nan a lanƙwashe a gwiwa kamar mai ita yana zaune gaban tebur. Ranar Talata da rana tsaka, ba iska ko kaɗan, na gan su suna motsi ƙanana ƙanana, irin na mai tsintar tsakuwa a cikin acca. Na ce yunwa ce, na je na ci abinci na dawo, ba su daina ba. Sannan Magdalene ta ɗaga ƙirjin rigar ga rana, ta nuna mini cewa a ƙarƙashin sunanka da aka ɗinka a jiki akwai hudojin allura na wasu sunaye da aka tsefe, ɗaya kan ɗaya. Ɗaya kaɗai ta iya karantawa, Ofelia. Wace ce Ofelia, kuma ina ta tafi da ta bar maka rigarta?

Na koma na tuna abin da ka rubuto lokacin Ista. Ka ce tun da ƙasashen nan suka ƙulla yarjejeniyar ciniki ba shinge, masana'antu sun jeru a bakin iyaka, talabijin ɗin da ka haɗa da safe tana ƙetarewa Amurka ba mai tambayar ta takarda, kai kuwa da ka tafi don ka ƙetare, wayar shingen iyaka kake kallo. Ka ce yawancin abokan aikinka 'yan mata ne daga ƙauye, ana rufe ƙofa in an fara aiki, hayaƙin dalma yana sa su jiri, wadda ta yi ciki a sallame ta. Ka ce ƙungiyar ƙwadagon da ke wurin ta masu kamfani ce, don haka kai da abokin ɗakinka Eusebio kuna neman kafa taku a ɓoye, kuma duk wanda aka gano, sunansa yana riga shi isa kowace masana'anta a garin. A ƙasa ka ƙara cewa kana ɗan tari. Lokacin na yi alfahari, na ce jinina ne, don ni ma na yi yajin aiki a relwe. Gaskiya dai nawa aikin riƙe wa mai jawabi lema ne, kuma da 'yan sanda suka zo, ni da lemar muka riga kowa isa gida. Yanzu na fi so a ce halina ka gado.

Ga inda maganar ta tsaya. Yayana, Baba Silvanus, ya tara dattawan gida. Sun ce ba a barin rigar mamaci tana rataye, mai ita ba zai kwanta ba, kuma sun ce motsin da na gani shaida ce. Sun sa rana, washegarin Kirsimeti in dangi sun taru, a binne ta a Kagoma kusa da kakanka, a yi maka sujadar jana'iza. Fasto bai goyi baya ba, bai kuma hana ba. Na ce ni ba zan binne yadi ba, Silvanus ya ce ba a tambayi ra'ayin mai lema ba. Ka san in an yi wannan sujada, ko ka dawo da ƙafarka, akwai tsofaffin da ba za su ci tuwo kwano ɗaya da kai ba. Mamanka ta daina gardama, wannan ne ya fi ba ni tsoro. Ta mai da rigar ɗakinka, kullum da safe tana shiga ta gaishe ta.

Don haka ina roƙonka, ka aiko ko layi ɗaya da hannunka, ko kaset da muryarka, ko da tarin ne kawai, za mu gane shi. In korar ka aka yi, ba abin kunya ba ne, citta tana neman hannu. In ƙungiyar ce ta riƙe ka, ban ce ka bari ba, haƙƙinku ne, amma ka tsaya kusa da ƙofa.

Mamanka tana gaishe ka, Magdalene tana gaishe ka, haka gwaggonka Joanna ta Godogodo. Baba Silvanus ya ce shi ba ya gaida wanda bai tabbatar ba, amma da ya faɗa ya juya baya yana share ido. Ka gaida Eusebio. Na sa Malam Nicholas na firamare ya rubuta Turanci a bayan takardar nan, saboda wanda zai buɗe ta in ba kai ba ne. Kai bawan Allah da ka rubuta adireshinmu, ko wane ne kai, ka san inda muke. Ka gaya mana ko mu haƙa, ko mu jira.

Ni ne mahaifinka,
Zamani Martins.