Wa Zai Yi Mini Shara

Litinin, 2 ga Satumba 2024

Iskar jiya ta kakkaɓe bishiyar dogon yaro ta tsakar gida, ganye har bakin madafa. Na tashi Ni'ima bayan sallar asuba. Ta fito tana murza ido, ta ɗauki tsintsiya ba ta yayyafa ruwa ba. Budurwa da ta ci bak, jarrabawar gama sakandare, har yanzu sai an tuna mata. A Arlit ba a shara a busasshiyar ƙasa, tun ina amarya aka koya mini. Kowa ya san abin da ake faɗa a kan ƙurar garin nan mai ma'adinan yuraniyom, kuma ni na yi jinyar tarin Malam, mahaifinsu, har Allah ya karɓi abinsa.

Ta sake tayar da maganar makarantar jinya ta Agadas. Sun ɗauke ta, suna son ta isa farkon Oktoba, gun gwaggonta za ta zauna. Na ce to wa zai yi mini shara? Likita ya hana ni sunkuyo tun da bayan nan ya kama ni. Ta ci gaba da shararta.

Laraba, 4 ga Satumba

Ɗana Fatahu ya biyo daga garaji, hannu duk baƙin mai, ya zauna mini a tabarma. Da ganin yadda ya tsawaita gaisuwa na san ƙanwarsa ce ta aiko shi. Wai akwai wani inji, sufler suke ce masa, ana riƙewa a hannu yana hura iska, yana tara ganye wuri ɗaya. A tsaye ake yi, babu sunkuyo.

"Inna, ko ke kya iya. Sai ki zama direban shara."

Na ce ya kama bakinsa. Shara ba tara ganye ba ce kawai. A sunkuye mace take koyon haƙuri, da ƙanƙan da kai, da lura da abin da ke ƙasa. 'Ya'yan yanzu komai so suke a danna ya yi kansa. Ya ce, "To haƙurin ne ya cinye miki baya ai." Rashin kunya kawai.

Juma'a, 6 ga Satumba

Babu wuta tun safe. Zafi kamar an kife mu da kwano. Maƙwabtanmu gidan Mika ma sun ɗora kaya, sun koma Maraɗi. Layin nan ƙofofi a rufe sun fi na buɗe yawa tun da aikin ma'adinai ya ja baya. Ni ina zan je? Gidan ba mai saye, kabarin Malam a nan yake, garinmu Damagaram kuma waɗanda suka san ni sun ƙare.

Asabar, 7 ga Satumba

Ya dage sai da ya ɗauke ni a babur zuwa butik ɗin Almustafa mai kayan Aljeriya. Na je ne don kada a ce na ƙi abin da ban gani ba.

Iri huɗu ya fito da su. Wani na fetur da ake goyawa a baya, wannan ko taɓa shi ban yi ba, ni ba jaki ba ce. Wani mai igiya da ake jonawa a bango. Na ce da wace wutar? Kuma igiyar ba ta kai zaure ba. Sai biyu masu batir. Ja babba, bakinsa kamar bututun mota, na ɗaga na ji nauyin ya sauka mini a wuyan hannu. Da wani ɗan ƙarami kore, bai fi buta da ruwa nauyi ba, yana da ɗan maɓalli da ake rage ƙarfin iska. Almustafa ya ce batirinsa ba ya daɗewa.

Maza biyu suka haɗu a kan jan. Ƙarfi, ƙarfi, ba su da wata magana. Fatahu ya ce koren na busar da gashin amarya ne, suka yi ta dariya. Almustafa ya ce, "Hajiya, ku tafi da jan ku gwada, in bai yi ba ku maido." Ni ba Hajiya ba ce, na gaya masa. Kuma ban ce ina so ba.

Lahadi, 8 ga Satumba

Abin da na faɗa ya faru, har ya wuce.

Da hantsi, rana ta riga ta busar da komai, Fatahu ya tsaya tsakiyar gida ya danna jan injin nan har ƙarshe. Ko digon ruwa bai zuba ba. Ta ina zai sani? Tun da aka haife shi bai taɓa riƙe tsintsiya ba. Ƙasa ta tashi sama, ganye ya shiga ɗaki, ya shiga randa, hijabina da ke kan igiya ya faɗa bayan katanga. Ina ihu ya kashe, ƙara ta hana shi ji.

Sai ga maƙwabciyata Dassin ta faɗo ba sallama. Cuku ta shanya a kan rumfa, na nonon da 'yan'uwanta suka aiko daga Gougaram, duk ya koma launin ƙasa. "Mairamu! Jirgi kuka saya? Ku tashi da shi mana ku bar mu!" Ta nuna Fatahu da ɗan yatsa ta ce ya zo ya lashe cukun ɗaya bayan ɗaya.

Na ba ta haƙuri, kunya kamar ƙasa ta tsage. Ni'ima ta yi ta tari. Da na ji tarin nan na tuna na mahaifinsu, amma ban nuna ba. Na ce musu ga sakamakon neman sauƙi nan. Magana ta ƙare.

Talata, 10 ga Satumba

Na yi nasara. Ba wanda ya ƙara cewa Agadas.

Alhamis, 12 ga Satumba

Yarinyar nan ta zama yadda nake so. Kafin in tashe ta ta tashi, ta yayyafa ruwa, ta share tas, ta kwashe. To, Inna. Na gama, Inna. Ba musu, ba kumburi. Littattafan da ta aro na jikin ɗan Adam ta maida wa mai su.

Ya kamata in ji daɗi. Ina zaune bakin ƙofa ina kallon bayanta a lanƙwashe, hannu ɗaya a kan ƙugu, daidai yadda nake yi. Ban san ta ɗauki wannan ba.

Asabar, 14 ga Satumba

Dassin ta huce, ta kawo shayi. Ta daɗe tana kallon Ni'ima tana wanke-wanke, sai ta ce da irin Hausarta, "Yarinyar nan ya yi shiru da yawa. Ke kin ɗaure shi a gindin itace kamar akuya." Na ce 'ya mace gaban uwarta ne mutuncinta, Agadas gari ne na baƙi, kuma wannan hanya da ramukanta ba a sakin yarinya a kai haka kawai. Ta ce, "Ke wa ya sake ki daga Damagaram?" Aure ne ya kawo ni, ba yawo ba. Na gaya mata haka. Ta ce to ta gani.

Ba shara ce kaɗai ba, na sani. In ta tafi, ni da bishiya ne a gidan nan. Fatahu da matarsa suna can unguwar Akokan. Ba zan rubuta fiye da haka ba.

Talata, 17 ga Satumba

Jan injin yana nan jingine a zaure, Fatahu kunya ta hana shi maidawa. Riƙe kayan mutane ba kyau. Na sa mai babur ya kai ni da shi.

Na yi wa Almustafa faɗa sosai kan sayar wa mutane abin da ke tayar da ƙura a gari irin wannan. Yana ta ba ni haƙuri. Koren yana kan tebur, na ɗauka don in nuna masa shi ma shirme ne. Na murɗa maɓallin ƙasa ƙasa. Iskar ba ta fi ta mafici mai kyau ba. Abin dannawar yana tsayawa da kansa, ba sai yatsa ya yi ta matsawa ba, kuma yatsuna da safe ba sa lanƙwasuwa. Na tambaye shi ko batirin yana jure zafi. Ya ce a ajiye shi a inuwa, kada a bar shi a rana, kuma irin na injin huda ƙarfen Fatahu ne, ana iya musanyawa in wuta ta ƙi zuwa.

Tambaya kawai na yi. Shi ya cusa mini a leda.

Laraba, 18 ga Satumba

Yana ƙarƙashin gado. Ban gaya wa kowa ba.

Juma'a, 20 ga Satumba

Ni'ima ta tafi kasuwa, na rufe ƙofa na gwada. Na yayyafa ruwa da buta yadda aka saba. Farko na yi gaggawa, ganyen ya manne a jiƙaƙƙiyar ƙasa ya ƙi motsi. Na zauna na jira ƙasa ta tsotse, ta yi sanyi amma ba laka. Sannan na sauke bakinsa kusa da ƙasa, na bi ta gefen katanga a hankali. Ganye ya yi ta gangarawa gabana, ƙura ba ta tashi ba. Kafin in kai zaure batir ya mutu. Kashin kaji kuma ba ya ɗaguwa, sai da tsintsiya mai dogon sanda.

Ba shara ba ce ta gaskiya. Amma bayana bai yi ciwo ba.

Litinin, 23 ga Satumba

Yau ban tashe ta ba. Na yi abina tun da sanyin safiya, wannan karon har zaure ya kai ni. Ina tara na ƙarshe na juya na gan ta tsaye bakin ɗaki, tsintsiya a hannu. Ta kalli tsakar gida, ta kalli abin da ke hannuna. Na ce me take kallo, ba ta iya gaisuwa ba ne? Ta durƙusa ta gaishe ni. Na ce ta kwashe wannan tarin, ni ban iya sunkuyo ba, kuma ta duba zannuwanta, biyu duk sun koɗe, ba za ta shiga cikin mutane da su a ce ba ta da uwa ba.

Ban ce na yarda ba. Da la'asar na aika a tambayo mini ranar da motar Agadas ke tashi, don dai in sani.